Wanda Ya Ɗora Hannun Tahir

Tahir yana kan rufin wani gida a bakin Gwange yana buga kwano lokacin da bam ya tashi ta wajen Kasuwar Kwastam. Ba ƙarar ce ta jefo shi ba, don a shekarar nan kunnen kowa a Maiduguri ya saba. Miƙewa ya yi tsaye don ya hango daidai inda hayaƙin ke tashi, saboda da safe matarsa Sauda ta ce za ta shiga kasuwar sayen kayan miya. Kwanon sabo ne, ga gumi a tafin ƙafa. Ya ji ƙafar ta tafi, ya kai hannu zai kama katako bai samu ba, sai ga shi a ƙasa a kan tulin bulo, hannunsa na dama a ƙarƙashinsa.

Yoila ne ya fara isowa kansa. Abokin aikinsa ne, Kirista mutumin kudancin Borno, a wurin ubangida ɗaya suka koyi kafinta. Ya juya shi a hankali, ya dubi hannun, ya kau da kai. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, fatar ta yage, jini na bin yatsu.

"Tashi mu tafi asibiti," in ji Yoila.

"Sauda tana kasuwa."

"Za mu ji labarinta. Kai dai tashi."

Babu wayar da za a kira, an katse layukan gari tun kafin nan. Tahir ya kafe sai an bi ta gida. Haka suka bi lungu lungu, ya tallabo hannun da ɗayan, Yoila na riƙe da ƙugunsa, mutane na gudu suna wuce su. Suna shiga zaure sai ga Sauda ta fito da 'yarsu Mu'mina a baya. Ashe yarinyar ta tashi da zazzaɓi, Sauda ko ƙofar gida ba ta taka ba. Ta ga jinin, ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya jingina da bango ya sulale ƙasa, sai a lokacin zafin ya iso masa gaba ɗaya.

Yoila ya sake kawo maganar asibiti, ya ce zai nemo napep.

"Shingen sojoji nawa ne tsakaninmu da can?" Tahir ya tambaye shi, yana cije baki. "Kai sunanka Yoila, za su ce ka wuce. Ni fa? Tahir, daga Gwange, da jini a riga, a ranar da bam ya tashi. Me zan ce musu?"

Duk su ukun sun san samarin da aka sauke daga mota a hanyar asibiti, har yau ba su dawo ba.

"Ku kai shi wurin Baba Ba'ana," Sauda ta ce.

Ba'ana tsohon maɗori ne a lungun bayan masallaci, dogo, siriri, goro ya rina masa haƙora. Hausarsa a nannaɗe take da Barbarci, kuma ba ya yawan amfani da ita. Babu gidan da bai taɓa ɗora wani ba a unguwar. Ya zaunar da Tahir a tabarma, ya bi hannun da yatsu kamar mai laluben abu a cikin buhu, ya ce wa matarsa Ya Zainaba ta kawo ruwan zafi da man shanu. Ya wanke yagewar, ya yi tofi, ya sa Yoila ya danne kafaɗa. Daga nan ya ja. Tahir bai san yana da irin wannan muryar ba sai da ya ji ta tana fita daga bakinsa. Da ya dawo hayyacinsa an riga an jera karare a kewayen hannun, an saƙe su da zare, an naɗe da tsumma, an rataya masa a wuya.

"Kada ruwa ya taɓa," Ba'ana ya ce. "Kada ka ɗauki ko kofi. Kada ka ɗaga shi ya wuce ƙirji. Idan ya saki ka zo in ja zaren. Allah ya sawwaƙe."

A tunanin Tahir ciwo ne zai fi damunsa. Ciwon kuwa ya dame shi, amma bai kai ƙananan abubuwa ba.

Da aka kawo masa burabusko da miya a ranar farko, ya zauna yana kallon kwanon. Hannun da ya yi tsarki da shi ɗazu, shi ne zai kai baki. Sauda ta kawo cokali, ya karɓa da hagu, ya ɗebo, kafin ya kai baki rabi ya zube a cinyarsa. Ta ce bari ta ba shi. Ya ce shi ba jariri ba ne. Ya ci abin da ya iya, ya tashi da yunwa.

Tazugen wando ya gagare shi. Yana iya kwancewa, ɗaurewa ce ba ta yiwuwa da hannu ɗaya. Sai ya fito daga banɗaki ya tsaya a bayan katanga riƙe da wando, ya yi gyaran murya har Sauda ta ji ta zo. Gidan haya ne, da wasu iyalai biyu a ciki, matan suka koyi sunkuyar da kai idan sun ji gyaran muryar, shi kuma ya san sun koya. Alwala sai an zuba masa. Liman ya ce ya shafa a kan ɗaurin ya wadatar, amma liman bai gaya masa yadda mutum zai tashi daga sujada da hannu ɗaya ba tare da ya karkace kamar tsohon jaki ba. Ga zafin bazara. Gumi ya riƙa shiga ƙarƙashin kararen yana ƙaiƙayi a inda yatsa ba ya kaiwa, har ya karyo tsinken tsintsiya yana zurawa. Ɗaurin ya fara wari, shi da kansa yana jin warin idan ya sunkuya.

Mu'mina ta warke daga zazzaɓinta, ta koma halinta na rugowa ta faɗa jikinsa. Wata rana da hantsi ta rugo ta ɗare kan hannun. Ya daka mata tsawar da ta sa ta saki fitsari a tsaye. Daga ranar, idan ya shigo tsakar gida sai ta koma bayan zanen uwarta tana leƙensa.

Sauda ba ta yi ƙorafi ba, hakan ma ya fi ci masa rai. Ita ke fita neman ruwa da jarka, ita ke faskara itacen da ya saba faskarawa. Ta karɓo ɗinkin hula wurin wata maƙwabciya, tana zama a bakin ƙofa inda haske yake, tana soka allura har idanunta su yi ja. Abin da ake samu ke nan a gidan. Miya ta koma ruwa ruwa, nama ya ɓace, ba wanda ya yi zancen.

Wata rana ta miƙo masa kunu, ya karɓa da hagu, kofin ya kuɓuce ya watse a tabarma. Ya sa ƙafa ya yi ƙwallo da kofin har ya bugi bango.

Ta ɗauko tsumma ta durƙusa tana gogewa. "Baban Mu'mina, shi ke nan kunun. Babu wani."

"Na ce ki ba ni wani?"

"Ba ka ce ba. Ina gaya maka ne."

"To ki daina kallona haka."

"Yaya nake kallonka?"

"Kamar kaya."

Ta ɗago. "Ni na hau rufin? Ko ni na tayar da bam ɗin? Saboda ni ka faɗo, ka sha faɗa, na ji. To ga ni, ban mutu ba. Me kake so in yi?"

Ta gama gogewa ta fita. Can ya ji ta a madafa tana kankare gindin tukunya, ta kawo masa ɗan abin da ta samu a kofin da ya lotse. Ya shanye.

Waje ma bai yi masa daɗi ba. A masallaci mutane sun yi masa jaje, wushe wushe, wato sannu sannu da Barbarci, Allah ya kiyaye gaba. Amma akwai masu ƙara tambaya. Daga kan rufi ka ce? A ranar bam ɗin nan? Wa ya gani? Ya lura wasu sun daina tsayawa kusa da shi a sahu. Bai ga laifinsu sosai ba. Zamani ne da ba wanda ya san abin da ɗan maƙwabcinsa ke yi, kuma idan aka zo ɗaukar mutum ana haɗawa da wanda ke gefensa. Ya gwada ɓoye hannun a cikin babbar riga, sai abin ya fi muni, ga mutum yana tafe da ƙullutu a ƙirji, hannun riga ɗaya na lilo babu komai a ciki. Wata mata mai tuyar ƙosai ta hango shi ta ja 'ya'yanta ta shige gida. A kan gadar fita unguwar kuwa doka ce kowa ya sauka daga abin hawa ya ɗaga hannu biyu sama ya wuce a ƙafa. Ya je bakin gadar sau ɗaya, ya tsaya daga nesa yana kallon layin mutane da hannuwa a sama, ya juyo gida. Daga nan duniyarsa ta koma ɗaki, zaure, masallaci, sai gidan Ba'ana.

Yoila ya zo ya kawo masa jakar kayan aikinsa da ɗan garin masara a leda. Ya ce ya kwashe iyalinsa sun koma Wulari, ya samu rumfa a can, Gwange ta daina zaunuwa ga irinsa. Ya ƙarasa rufin nan shi kaɗai.

"Ka warke ka zo," ya ce. "Tun da ka faɗo ba ni da wanda zan zaga. Kasuwa ma ta san ba ka nan, ƙusa ta yi arha, babu mai lanƙwasa ta."

Tahir ya yi dariya, ita ce ta farko tun faɗuwarsa, har hannun ya amsa.

Sannu a hankali abin ya fara sauƙi. Kumburin ya sauka, yatsun suka fara motsi. Duk lokacin da ya je jan zare, Ba'ana yakan miƙo masa ɗan yatsansa ya ce ya matse. Ran nan ya matse, tsohon ya gyaɗa kai.

"Ƙashi ya kama. Saura ya yi ƙwari. Kada ka yi gaggawa."

Ya Zainaba ta ba shi dabino biyu ya kai wa Mu'mina. A hanya ya riƙa buɗe yatsun yana rufewa a cikin tsumman, yana lissafin ayyukan da zai tarar idan damina ta sauka, don ba a rasa rufin da iska ta yaye. Da ya isa gida ya miƙa wa yarinyar dabinon da hannun dama. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta matso ta karɓa.

A makon ne aka harbe wani jami'i a bakin titi, ba nisa da lungunsu. Washegari rana na fitowa motoci suka zagaye unguwar. Aka yi shela da lasifika, duk namiji ya fito. Sauda ta ɗaure masa tazuge, ta gyara masa ratayar.

A filin makaranta aka tara su, ɗaruruwa. Tsofaffi aka ware su ƙarƙashin dogonyaro, sauran a kan rairayi a rana. Aka ce kowa ya cire riga ya ɗora hannu biyu a ka. Na kusa da shi ya taimaka masa ya zare rigar. Ya ɗora hagu a ka, ya sunkuyar da fuska, yana fatan a wuce shi a cikin yawa.

Takalmi ya tsaya a gabansa.

"Hannu biyu." Soja ne matashi, Hausar tasa ta koyo ce, idanunsa jajir kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

"Ranka ya daɗe, karaya ce."

"Buɗe."

Bai jira ya buɗe ba. Ya zaro wuƙa ya yanke zaren, kararen suka zube a rairayi. Hannun ya fito siriri, fari fat, fatar ta yi yaushi, ga tabon yagewar nan baƙi a tsakiya. Sojan ya duba tabon, ya kira na kusa da shi.

"Harsashi," ya ce.

"Wallahi bulo ne. Daga rufi na faɗo. Ni kafinta ne."

"Tashi. Ɗaga."

Tahir ya miƙe, ya ɗaga iya inda zai iya. Sojan ya kama wuyan hannun ya fizga sama. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara, amma waɗanda ke kusa sun ji ta. Tahir ya durƙushe. Ya yi amai a kan rairayi.

Aka ja shi gaban wani babba da ke zaune a kan kujera kusa da mota. Wannan Hausarsa tsaf, muryarsa a kwance. Ya tambayi sunansa da sana'arsa da ranar da ya ji ciwon. Da ya ji ranar sai ya ɗaga gira.

"Me ya hana ka zuwa asibiti?"

"Tsoro, ranka ya daɗe."

"Mai gaskiya yana tsoro?"

Tahir ya dubi motar. A bayanta akwai mutane a kwance rubda ciki, an ɗaure musu hannu ta baya da rigunansu. Ya san biyu daga ciki. Zafin na hawa masa har wuya, yana jin ƙarshen ƙashin na gogar juna duk numfashin da ya ja.

"Wa zai shaide ka?"

"Baba Ba'ana," ya ce da sauri. "Shi ya ɗora ni. Shi ya ga ciwon tun yana ɗanye, ya san ba harsashi ba ne. Ga shi can gindin bishiya, mai farar hula. Ku tambaye shi."

Aka kira tsohon. Ya taho a hankali, ya tsaya, bai dubi babban ba, hannun Tahir ya duba, fuskarsa ta ɓaci.

"Faɗuwa ce," ya ce. "Ƙashi biyu. Ya riga ya kama. Kun ɓata."

"Kai ne kake ɗori a unguwar nan?"

"Ni ne."

"Mutum nawa ka ɗora a watannin nan?"

"Ban ƙirga ba."

"Har da waɗanda ake kawo maka a ɓoye?"

"Wanda aka kawo ina dubawa."

"Kana tambayarsu inda suka ji ciwon?"

"Ƙashi nake tambaya."

Babban ya tura mutum uku su duba gidan. Ba su daɗe ba suka dawo da buhu, suka zazzage a ƙasa: tsummoki, wasu da busasshen jini, ƙullin magunguna, damin karare, almakashi. Bulaman unguwa ya matso yana murza hannu. Ya ce kafintan nan ya san shi, rufin surukin shi bulaman yake yi ya faɗo, mutane sun gani. Babban ya ɗaga hannu alamar a saki Tahir. Bulama ya ci gaba, ya ce shi ma wannan dattijon tun kafin a haifi yawancin mutanen nan yake wannan aikin. Aka ce masa ya koma ya zauna idan ba ya son ya raka shi.

Ba su ɗaure Ba'ana ba. Suka ce ya hau. Ya kama ƙarfen motar, ƙafarsa ta kasa kaiwa, wani soja ya tura shi daga baya. Da ya zauna ya nemo Tahir da ido.

"Kada ka bar shi a sake," ya ce. "A ja shi a ɗaure yau ɗin nan."

Da la'asar aka sallami sauran.

Babu wanda zai ja. Sauda ta je wurin wani maɗori a unguwar gaba, ya ce mata ta ƙofa shi ya daina, ta gaya wa kowa ya daina. Labari ya riga ta isa. Ta dawo ta nemo kararen dawa a dangar maƙwabta, ta yayyanka, ta yaga tsohon zanenta. Ta ga yadda tsohon ya yi sau da yawa, amma gani daban. Ta sa wani maƙwabci ya danne kafaɗar, ta ja iya ƙarfinta tana kuka, Tahir ya cusa hula a baki. Ta ɗaure yadda ta iya.

Zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya tashi komai ya koma farko, cokali da hagu, gyaran murya a bayan katanga, tsinken tsintsiya. Sai dai wannan karon bai ƙara yi wa kowa tsawa ba. Abin da aka ba shi ya ci, idan ya zube ya tsince. Yakan zauna a zaure ya zuba wa bango ido har Sauda ta taɓa shi ta ce an kira salla.

Ba'ana bai dawo ba. Wasu suka ce an gan shi a wani wurin tsare mutane yana ɗora waɗanda aka karya a ciki. Wasu suka ce bai kai mako ba, zafi da ƙishirwa suka gama da shi. 'Ya'yansa duk mata ne, suna aure a nesa, babu mai zuwa ya tsaya a ƙofar masu iko ya yi tambaya. A masallaci an daina zargin Tahir da harsashi. Yanzu wani kallon ake masa. Ba wanda ya faɗa masa a fuska, sai wata rana yana wucewa ya ji wata tsohuwa na cewa jikanta, wanda ya gurɗe a ƙwallo, da can akwai inda ake kai ku, wani ya nuna shi da yatsa.

Ya sauya hanya. Duk inda za shi, ba ya bi ta lungun bayan masallaci.

Da aka kwance ɗaurin, hannun ya haɗe amma a karkace, da ƙullutu a tsakiya kamar gwiwa ta biyu. Tafin ba ya juyowa sama. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu, ko an tsikare su ba ya ji. Da gari ya ɗan lafa Yoila ya kai shi asibiti, likita ya duba hoton ƙashin ya ce sai an sake karyawa an sa ƙarfe, kuma ko an yi ba lallai yatsun su dawo ba. Tahir ya ce ya gode, ya sa rigarsa. Karaya biyu ta ishe shi.

Ya fara zuwa rumfar Yoila a Wulari. A kan gada yakan ɗaga hagu sama, ya tallafo daman iya kafaɗa, ya juya ƙullutun ta inda za a gani, ya wuce yana jiran a kira shi. Wani lokaci a kira, wani lokaci a'a. A rumfar yana goge katako, yana shafa fenti, yana riƙe wa Yoila bakin falanki. Rufi ya ƙare masa. Idan babu mutane yakan ɗauki guduma da hagu ya gwada a kan guntun katako. Matsalar ba bugun ba ce kawai, yatsun daman ba sa iya tsayar da ƙusa. Yoila ya riƙa tsince lanƙwasassun ƙusoshi yana miƙar da su.

Damina ta zo ta wuce. Wata Juma'a da yamma yana zaune a tsakar gida aka yi sallama, sai ga Ya Zainaba. Ta rame, lafayarta ta yi mata yawa. Sauda ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

"Wurin kafinta na zo," ta ce. "Ƙofata tun ranar da sojoji suka ɓalle ta, buhu na rataya. Akuyoyi suna shiga. Jiya na tarar da kare a ɗakin maigidan."

Tahir ya miƙe. "Ya Zainaba, hannuna..."

"Na ga hannunka. Ba ni da wani kafintan."

Ta juya ta tafi. Tahir ya shiga ɗaki ya jawo jakar kayan aiki, Sauda ta goya Mu'mina ta karɓi jakar daga hannunsa, suka bi bayanta.

Ƙyauren yana jingine a bangon zaure, katako biyu sun tsage daidai inda takalmi ya sauka, sakatar ta fita da ƙusoshinta. Tabarmar da ake ɗori a kai tana naɗe a lungu. Ya durƙusa ya duba ɓarnar, ya ga za ta gyaru idan ya ƙara katako a gicciye ta baya. Ya Zainaba ta zauna a kan turmi tana kallonsu.

Ya auna, ya sa Sauda ta taka katakon, ya ja zarto da hagu. Yankan ya tafi a karkace. Ya tsaya, bai ɗago ba.

"Ya Zainaba, ni na kira sunansa. Suka ce wa zai shaide ni, na nuna shi."

"Na sani. Duk unguwa ta sani."

"Ban zaci..."

"Da ba ka nuna shi ba, da shi zai taso da kansa. Na san wanda na aura." Ta gyara lafayarta. "Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ban kai nan ba tukuna. Ka gyara mini ƙofa kafin dokar hana fita ta kama ku a nan."

Ya ƙarasa yankan. Ta ce idan zai mayar da sakatar ya huda ƙyauren ya zura igiya ta waje, yadda mutum zai iya ja ya buɗe ba sai ya buga ba, haka maigidan ya saba. Ya ce to.

Aka zo bugun ƙusa. Ya gwada tsayar da ita da yatsun dama, ta faɗi. Ya sake, ta faɗi. Sauda ta sauke Mu'mina, ta durƙusa, ta karɓi ƙusar ta kafa ta a inda ya nuna, ta riƙe da yatsu biyu. Ya ɗaga gudumar da hagu. Bugun farko ya samu. Na biyu ya goce ya sauka a kan babban yatsanta. Ta ja numfashi ta haƙora, farcen ya yi baƙi nan take, amma ba ta saki ƙusar ba.

"Sake bugawa," ta ce.